Numfashin Sarbo

Nomau ya zo da hantsi yana ɗingishi,
ya tsai da motarsa gindin bedin garajina,
nan bayan tashar Tawa, kusa da masu faci.
Ya ce, "Barmu, ta daina riƙe gudu.
In na danna maɓallin sitiyari fitila takan kama,
amma da na ɗaga ƙafa sai ta yi sanyi
kamar jakin da aka daina yi wa tsawa."

Na san ƙafar da yake nufi.
Shekara ashirin da biyu tana taka totur,
albasar Galmi a tafi, siminti a dawo.
Yanzu gwiwa ta kumbura kamar kabewa,
likita na jiransa a Yamai ran Talata.

Ban taɓa sarbo ba tukuna.
Wanda ya fara da zargin babba
yakan sayi abin da bai lalace ba.
Na zare fis, na ɗaga shi ga rana: zarensa lafiya.
Na tura Atto bayan mota, na taka birki, na saki.
"Ta kama! Ta mutu!"
To, makunnin birki bai yi ƙarya ba.
Da ya maƙale, da motar na zaton
ƙafar mai ita na kan birki dare da rana.
Allurar gudu tana motsi, in ji Nomau,
ashe mai ƙirga juyin taya bai yi barci ba.

Sai na buɗe murfin inji.
Ga shi can a lungu, baƙi, kamar ƴar tukunya,
waya ta fito daga cikinsa zuwa totur,
siririn tiyo ya shiga ta gefe.
Na ja wayar da yatsa, ta je ta dawo.
Na bi tiyon kaɗan-kaɗan ko ɓera ya yi kalaci,
babu ko cizo.

Na cire bakinsa, na share da gefen riga,
na sa a baki, na zuƙa.
Ɗacin tsohon mai ya cika mini harshe.
Da lafiya yake, da ya kama harshen ya riƙe,
da wayar ta ja kanta ciki ta tsaya.
Amma iska ta yi ta zuwa ba iyaka,
kamar jan ruwa da wasakin da ya ɓule.
Atto ya kara kunne: "Maigida, yana huci."

Na kwance shi a kan tsumma.
Robar ciki, mai numfashi a madadin ƙafa,
ta tsage a gefe kamar faso a diddige,
tsagar ba ta kai tsawon farce ba.
Zafin Adar ne ya gasa ta a hankali.
Nomau ya leƙo ya ce, "Ɗan wannan?"
Na ce, "Ɗan wannan."

Sabo babu shi a Tawa.
Na kira Dille a Yamai,
ya ce sai ya tona gawarwakin motoci, a ba shi mako.
Na yanko faci, na goge, na shafa gam, na danne.
Na sake zuƙa. Ya kama harshena,
na ƙirga goma sha ɗaya kafin ya saki.

Na ce, "Zai kai ka Konni. Wataƙila Dogon Dutse.
Ban rantse ba. Ka tafi da Atto, yana da takarda."
Ya ce, "Ban taɓa zama kujerar dama ba."
Ya biya jika biyu, bai yi sallama ba.

Da asubar Litinin suka wuce ta gabana,
yaron a sitiyari, ya miƙe wuya,
Nomau a dama, ƙafa a miƙe bisa matashi,
yatsansa waje yana nuna ramuka.
Na koma ga shayina, kofi na uku,
ɗacin tiyon nan bai bar bakina ba.